Sauke Giyar Akori-kura a Ƙofar Gida: Tarihin Wani Reshe na Kanikanci a Ƙasar Ikara, Maƙarfi da Kudan

Daga cikin ayyukan da kanikawan ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan ke yi, kaɗan ne suka kai sauke akwatin giyar akori-kura mai shan man gas nauyi da haɗari, musamman irin wadda ake kira fowil, wato motar da injinta ke iya juya tayoyinta huɗu a lokaci guda idan direba ya buƙata. Akwatin giya, wanda 'yan sana'ar ke kira giyabos, shi ne wannan ƙarfe da ke manne a bayan inji, cike da haƙora masu cuɗanya da juna, kuma aikinsa shi ne rage gudun juyawar inji domin ƙara wa tayoyi ƙarfi, ko sakin gudun idan mota ta hau hanya mai kyau. A Amurka da Turai, mutumin da ya sauke wannan akwati a gidansa yakan yi haka ne don sha'awa ko don gudun tsadar gareji, yana da daɓen siminti da jak na musamman da littafin kamfani a gefensa. A arewacin ƙasar Zazzau kuwa ba mai motar ke yin aikin ba, bakanike ne ke tahowa da yaransa inda motar ta tsaya, kuma wurin ba ya zama cikin gida, tun da zauren gidan Bahaushe ba ya shigar da mota, sai dai ƙofar gida ko gindin darbejiya da ke kusa. Wannan tsari bai zo da ka ba, ya biyo tarihin hanyoyin yankin ne, da yadda irin waɗannan motoci suka riƙa gangarowa daga hannun hukuma zuwa hannun manoma da 'yan kasuwa bayan sun tsufa.

Kafin zuwan mota, jakuna da takarkarai da kawunan mutane ne ke ɗaukar kayan gona a wannan yanki, kuma ko da layin dogo ya ratsa ƙasar ya isa Kano a 1911, da tashoshinsa a Likoro da Gimi, abin da ya canja shi ne inda ake kai kayan, domin auduga da gyaɗa sun ci gaba da isa tasha a bayan jaki shekaru da dama. Injin gurzar auduga da ƙungiyar Turawan Ingila masu bunƙasa noman auduga ta kafa a Zariya a farkon shekarun 1910 ya jawo manyan motoci sannu a hankali, amma masu gyaransu suna cikin ma'aikatar ayyuka ta gwamnati da ta jirgin ƙasa da garejin kamfanonin Turawa, kuma da yawansu mutanen kudu ne mazauna Sabon Garin Zariya. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙauyukan Zazzau a 1949 da 1950, ya bambanta sana'o'in Hausawa gida biyu, karda, wato sana'ar da mutum ya gada, da shigege, wato wadda ya shiga da kansa, kuma kanikanci ya faɗo ne a kashi na biyu tun farkonsa. Bai taso da sarauta irin ta Sarkin Maƙera ba, ba shi da unguwa tasa, saboda haka ɗan manomi da ɗan malami da ɗan mahauci duk sun iya shigarsa ba tare da an tambayi asalinsu ba, ko da yake maƙera ne suka fi saurin kama hannu, saboda sun riga sun san halin ƙarfe.

Yaƙin Duniya na Biyu ya dawo da tsofaffin sojoji da suka koyi tuƙi da gyara a fagen daga, Bama da sauran wurare, kuma ba da jimawa ba motar da ta fara nuna wa ƙauyukan Zazzau amfanin fowil ta iso, wato Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, aka kuma yi mata injin gas a 1957. Motar jami'in mulki ce da malamin gona da ma'aikatan En'e, ba ta talaka ba, amma tsarin gininta ya bar darasi ga kanikawan farko, domin a tsofaffin samfuranta ba ta ƙasa ake fitar da giyabos ba, ana kwance kujeru da akwatin da suke zaune a kai da faranten ƙasan motar, sannan a ɗaga akwatin sama a fitar da shi ta ƙofa. Wannan ya sa ba a buƙatar rami ko ɗage mota, abin da ake buƙata shi ne sanda mai ƙarfi da igiya da ƙarti uku ko huɗu, kuma daga nan ne aka saba da cewa aikin giya aikin taro ne da ake iya yi ko'ina aka samu fili da inuwa.

Shekaru goma da suka biyo bayan 1966 su suka mayar da sana'ar hannun 'yan ƙasa. Ficewar 'yan ƙabilar Ibo daga garuruwan Arewa a wannan shekara ta bar gareji da yawa ba masu su, yaransu Hausawa suka gaje kayan aiki da abokan ciniki, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya horar da wani sabon rukuni na direbobi da kanikawa, sannan a watan Afrilun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, abin da ya buɗe ƙofa ga motocin Faransa da Jamus masu sitiyari a hagu. A 1975 kamfanin Peugeot, wato fijo, ya fara haɗa motoci a Kaduna, kuma akori-kurar fijo, ƙirar 404 da ta bayanta 504, ta zama motar kasuwannin ƙauye, tana kwasar rake da mazarƙwaila daga Maƙarfi, da kwandunan tumatir da buhunan barkono da masara daga Hunƙuyi da Paki zuwa bakin titi. Fijo ba fowil ba ce, kuma galibinta fetur take sha, amma ita ce makarantar da akasarin manyan kanikawan yankin suka koyi raba inji da giya. Sanin injin gas kuwa ta wata hanya dabam ya shigo, ta injinan niƙa ƙirar Lister da ke kusan kowane babban ƙauye, da taraktocin hukumomin noma waɗanda sai an raba su biyu kafin a kai ga kulocinsu, da manyan motocin Bedford da Mercedes masu kai kaya kudu.

Akori-kura da ta haɗa gas da fowil kuma ta bazu a yankin ta zo ne daga Japan. Kamfanin Toyota ya fito da Hilux a 1968, ya yi mata samfurin fowil a 1979, kuma cikin shekarun 1980 injinan gas masu lita 2.4, daga baya 2.8, suka zama ruwan dare a cikinta, sai kuma Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da ta fi ta girma. Masu sayen su sababbi hukumomi ne, irin su shirin raya noma na Funtuwa da aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya lokacin Funtuwa tana cikin Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda daga baya ta zama Jihar Kaduna, da shirin da ya gaje shi ya game jihar, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da 'yan kwangilar hanya, da ƙananan hukumomi, waɗanda suka ƙaru bayan an cire Maƙarfi daga Ikara, aka kuma cire Kudan daga Maƙarfi a 1996. Kamfanin sarrafa tumatir da aka kafa a Ikara a 1981 ya ƙara wa noman rani daraja a idon hukuma, duk da cewa ya shafe shekaru masu yawa a rufe. Sai motar hukuma ta gaji, an yi gwanjonta, sannan take shiga hannun babban manomi ko dillalin hatsi, ma'ana dai a ranar da ta zama ta mutumin gari kulocinta ya riga ya ci rabin ransa. Wani abu kuma da ya bambanta Nijeriya da maƙwabtanta shi ne arahar fetur, domin gwamnati ta janye hannunta daga farashin gas tun a farkon shekarun 2000, ta ci gaba da tallafa wa fetur har aka sanar da cire tallafin a ranar 29 ga Mayun 2023, saboda haka Hilux mai fetur ta fi mai gas yawa, kuma bakaniken da ya ƙware a mai gas ya kasance ɗaya ne cikin da yawa, ana aika masa daga gari zuwa gari.

Shi kansa aikin yana da jeri da ba a tsallakewa. Ana fara da cire kan batir, saboda za a kwance sitata, wadda babbar wayar wuta ke shiga kai tsaye, sannan a shiga cikin motar a ɗage robar da ke rufe gindin sandunan giya a zare su, su biyu ne a fowil, babbar ta canja giya da ƙaramar da ke sa tayoyin gaba aiki. Ana danne tayoyi da duwatsu, a ɗaga motar a ɗora ta bisa gumaguman itace ko tsofaffin ƙarafunan taya da aka jera, domin bakaniken kirki ba ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, balle a ƙasa mai rairayi inda gindin jak ke nutsewa a hankali ba tare da kowa ya lura ba. Inda ƙasa ta yi tauri wasu kan haƙa ɗan rami tsakanin tayoyi don samun wurin zama. Daga nan a tsiyaye man giya a tsohon galan da aka yanke gefensa, daga babban akwati da kuma ƙaramin da ke maƙale a bayansa, wanda shi ke raba ƙarfin inji tsakanin aksul na gaba da na baya. Farfela biyu ne, wato dogayen sandunan da ke kai juyi daga akwatin zuwa kowane aksul, kuma kafin a kwance su ana yi wa mahaɗarsu alama da kurfi ko alli, saboda idan aka mayar da su ba yadda suke ba motar kan riƙa kaɗawa a kan gudu. Sai a zare wayar ma'aunin gudu da wayoyin fitilar ribas, a kwance ƙaramin famfon da ke tura kuloci a rataye shi gefe ba tare da an buɗe bututunsa ba, don kada iska ta shiga a sake wahalar fitar da ita, a kuma sassauta bututun salansa idan ya tare hanya.

Wurin da ake gane gwani shi ne abin da ya biyo baya. Giyabos yana zaune ne a kan wani ƙarfe da ya gitta tsakanin ɓangarorin shasi biyu, kuma da zarar an cire wannan ƙarfe, bayan inji ya rasa matokara, don haka ake sa jak da guntun katako a ƙarƙashin kwanon bakin mai a tallafe shi, sannan a sauke wutsiyar akwatin kaɗan kaɗan har notocin sama, waɗanda ke ɓoye tsakanin inji da bangon gaban direba, su bayyana. Ana kai musu ne da soket da aka jona wa dogayen hannuwa biyu ko uku, bakanike yana kwance can baya yana juyawa, yaro yana lalube da yatsa yana ɗora bakin soket a kan noti. Akwatin da ƙaraminsa tare sukan wuce kilo 60, sun fi buhun takin zamani nauyi, kuma nauyin ba a tsakiya yake ba, ƙaramin akwatin ya rinjaya gefe ɗaya, shi ya sa yake son juyewa da zarar ya rabu da inji. A garejin kamfani akwai jak mai faffaɗan kai da sarƙa don wannan, a ƙofar gida kuwa ana zura igiya ta ramin sandunan giya a ɗaura ta a sandar da aka gitta cikin motar, yaro ɗaya ya riƙe daga sama, biyu su kwanta rigingine su tare da hannu da gwiwa, a shimfiɗa tsohuwar taya inda zai sauka. Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne a ja akwatin baya a miƙe har sandar da ke shiga cikin kuloci ta fita sarai, domin idan nauyin ya rataya a kanta tana ciki, tsakiyar farantin kuloci kan lanƙwashe. Da ya sauka sai a toshe bakinsa da tsumma a rufe da buhu, musamman a lokacin hunturu, tun da ƙurar da ta shiga boris ba ta fita da sauƙi.

Sau da yawa ba akwatin ne ya lalace ba, kuloci ne, wato farantin da ke haɗa inji da giya ya kuma raba su idan direba ya taka, amma babu hanyar kai masa sai an sauke giyabos. Injin gas yana ba da ƙarfinsa tun yana juyawa a hankali, kuma direban da ya yi lodin da ya ninka abin da kamfani ya ƙayyade, ya kafe a taɓon fadama, yakan riƙe kuloci rabi da rabi yana ba da wuta har farantin ya ƙone, warinsa ya tashi. Ƙetare rafi da damina yana sa ruwa ya shiga ta ƙofar numfashin akwatin, man giya ya koma fari fat, boris su yi tsatsa, sannan barin mota a fowil a kan kwalta yana ɗaure haƙoran ƙaramin akwatin, saboda tayoyin gaba da na baya ba sa yin tafiya daidai a kwana, kuma wannan tsari ba shi da abin da zai raba musu gardama sai santsin ƙasa. Tun da an riga an sha wahalar saukewa, bakanike mai amana kan shawarci mai mota ya canja boris ɗin da ke danna kuloci da ƙaramin da ke tsakiyar bayan inji da robar da ke tare bakin mai, amma ba kowane mai mota ke yarda ba, kuma rowar wannan ƙaramin kuɗi ita ke sa a sake sauke akwati ɗaya kafin shekara ta zagayo. Wajen mayarwa, ana daidaita sabon farantin da wata tsohuwar sandar giya da kowane tsohon bakanike ke ajiyewa a akwatin kayansa don wannan aiki kawai.

Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 da faɗuwar darajar naira sun sauya abin da ke faruwa bayan akwatin ya sauka. A da, sabon kaya na kamfani yana samuwa a shagunan Zariya da Kaduna, bakanike kan buɗe akwatin ya canja zoben da ya cinye ko haƙorin da ya karye, kuma akwai masu sake wa tsohon farantin kuloci fata su buga masa ƙusoshi, aikin da ke tayar da ƙura mai cutar da huhu, domin tsofaffin fatun da asbesto ake yin su. Da sabon kaya ya fi ƙarfin aljihu, sai kasuwa ta koma ga tsofaffin sassa da ake shigowa da su daga Turai da Japan ta Legas da Kwatano, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam, kuma kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da shagunan Sabon Garin Zariya da Panteka a Kaduna suka zama wuraren da ake zuwa da tsohon akwati a bayan wata motar a gwada shi da wanda za a saya. Sauke akwati ya tsaya a ƙauye, buɗe cikinsa ya koma birni, hannun 'yan ƙalilan da suka keɓe kansu ga giya kaɗai. A nan sana'ar ta yi asara ta gaske, domin yaro na iya gama koyo yau ya sauke giyabos ya mayar da shi ido rufe, alhali bai taɓa auna tazarar haƙori ko ɗaya ba.

Dalilin da ya sa aikin ya zauna a ƙofar gida bai tsaya ga tsadar jan matacciyar mota zuwa garin Tashar Yari a miƙa Zariya ba, akwai batun amana. Al'ada ce mai mota ya sayo kaya da kansa ko ya aika ɗansa tare da yaron bakanike, ya biya kuɗin hannu dabam, a kuma damƙa masa tsohon da aka cire ya gani da idonsa, kuma motar da ke kwance a ƙofar gidansa ba a zare mata batir ko a musanya mata sitata da dare. Gidan ne ke ciyar da masu aikin har su gama. Aikin kuma shi ne ma'aunin matsayi tsakanin yaran gareji, domin sabon shiga miƙa sifana yake yi da wanke notoci cikin man gas da tara su a gwangwani, na tsakiya shi ke kwanciya ƙarƙashin nauyin, babban yaro ke kwance notocin sama, maigida kuwa ba ya sa hannu sai wajen daidaita kuloci da shigar da sandar, kuma ranar da ya bar wa yaro wannan ya koma gefe yana kallo, kowa ya san yaye ya kusa. Gwamnati ta yi ƙoƙarin shigar da wannan koyo cikin tsari, ta hanyar jarrabawar gwajin sana'a da shirin koyon sana'a na hukumar samar da aikin yi da aka fara a 1987, ƙungiyar kanikawa ta ƙasa, NATA, tana kuma sasanta rigingimu tsakanin 'ya'yanta da masu motoci, amma shaidar da manomin Kudan ke tambaya ita ce wa ya koya wa yaron.

A 'yan shekarun nan babura masu ƙafa uku na ɗaukar kaya da ƙananan motocin Daihatsu da Suzuki sun karɓe kaso mai yawa na jigilar da ke tsakanin gona da titi, Hilux kuma ta ƙara zama motar jami'an tsaro da 'yan siyasa da manyan ma'aikatu. Samfuran da suka fito daga tsakiyar shekarun 2000 suna da injin gas da kwamfuta ke sarrafa feshin mansa, wanda aka fitar a 2015 ma ba shi da ƙaramar sandar fowil, maɓalli ne ake murɗawa wani ɗan injin lantarki ya yi aikin, kuma masu giya mai canja kanta suna ƙaruwa. Notocin da igiyar da tsohuwar tayar duk suna nan yadda suke, sai dai wayoyin da ake zarewa kafin akwatin ya sauka sun ninka, kuma idan fitilar gargaɗi ta ƙi mutuwa bayan an mayar da komai, dole a kira mai na'urar bincike daga Zariya ko Kaduna, wanda kuɗin zuwansa dabam yake da kuɗin hannun bakanike.